Wasannin Kwamfuta na Koyar da Makamashi: Sharhi a kan Ƙa'idojinsu da Matsalar Juya Su zuwa Hausa

Tun daga watan Maris na 2025, lokacin da takardar tsarin mulkin da ake kira Charte de la Refondation ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, tambayar da masu tsara karatu suka daɗe suna ɗagawa ta ƙi ɗaguwa: da waɗanne kayan aiki za a koyar da kimiyya cikin wannan harshe? Hanya mafi kusa, kuma mafi arha ga ido, ita ce a ɗauko abin da wasu suka riga suka ƙera a juya shi. Cikin irin waɗannan kaya akwai wasannin kwamfuta da aka shirya domin koya wa yara inda makamashi yake fitowa da yadda ake tattalinsa. A wannan sharhi za mu duba guda biyar daga cikinsu, waɗanda suka fito tsakanin 2004 da 2011 a ƙasashen da suka ci gaba da masana'antu, mu ga abin da suke koyarwa da gaske, sa'an nan mu ga abin da zai faru da su in an ce a sa musu rigar Hausa.

Wasannin da kansu

Huɗu daga cikin biyar ɗin ƴan gida ɗaya ne, kakansu kuwa shi ne SimCity wanda Will Wright ya fitar a 1989. Ana ba yaro gari, ana naɗa shi magajinsa, yana kallon kome daga sama kamar shirwa, yana dasa gine-gine da ɗan yatsa. ElectroCity, wanda kamfanin Genesis Energy na ƙasar Niyuzilan ya fitar a 2007, yana ba mai wasa yi 150. A kowane yi zai iya haƙa ya nemi kwal ko gas, ya gina tashar wuta, ya ƙara haraji ko ya rage, ya sare daji ko ya keɓe shi, a ƙarshe kuma a yi masa maki. Energyville na kamfanin man fetur na Chevron ne, shi ma na 2007, da alƙaluman da sashen bincike na gidan jaridar The Economist ya bayar. Ana neman yaro ya zaɓa wa babban birni hanyoyin samun makamashi har zuwa 2030, yana lura da ma'auni uku: tattalin arziki, muhalli da tsaro. EnerCities kamfanin Paladin Studios na ƙasar Holan ne ya ƙera shi da kuɗin Tarayyar Turai, aka kuma sa shi a Facebook. A cikinsa akwai rumbun mai da ke raguwa a gaban idon yaro yayin da garinsa ke girma. Clim'City, wanda daga baya aka sake wa suna Clim'Way, na cibiyar Cap Sciences ce ta birnin Bordo a Faransa, shi ne kuma mafi tsauri: cikin shekara 50 ana so a raba hayaƙin da ke ɗumama duniya gida 4 a bar gida 1, a rage shan makamashi da kashi 40 bisa ɗari, a kai rabon makamashi mai sabuntuwa kashi 60. Na biyar, Energy Hog, daban yake. A Amurka aka fito da shi a 2004 domin ƙananan yara, inda suke bin ɗakunan gida suna farautar wasu aladu masu satar wuta.

Kafin suka, sai a faɗi alheri. Akwai abu guda da waɗannan wasanni suke yi wanda allo da littafi ba su iyawa, wato su sa yaro ya ɗanɗani sakamakon da ke zuwa a makare. Malami zai iya faɗa sau goma cewa tashar kwal tana da arha yau, tana da tsada gobe, yara su maimaita da baki ɗaya, su manta kafin a tashi. Amma yaron da ya gina ta a yi na 20 a ElectroCity, ya ga baitulmalinsa ya cika, sa'an nan can gaba ya ga makin muhallinsa ya faɗi, wannan ya san abin a jikinsa. Kuma yana da damar sake farawa ya gwada wata hanya ba tare da an yi masa dariya a aji ba. Duk wanda ya taɓa zama gindin bishiya yana kallon masu dara ya san cewa ba a koyon ta da bayani. Ana koyon ta ne da shan kashi. A wannan fuska Clim'City ya fi sauran gaskiya, domin yana da wuyar ci ƙwarai, wanda ya yi jinkiri a shekarun farko kuwa ba ya kamo abin da ya wuce shi.

Inda hujjar take kwance

Sai dai wannan ƙarfin nasu shi ne kuma abin tsoro a gare su. Ian Bogost, a littafinsa Persuasive Games na 2007, ya nuna cewa wasan kwamfuta yana kafa hujja ne ta ƙa'idojinsa, wato ta abin da ya yarda a yi, da abin da ya hana, da abin da ya saka wa da maki. Maganar da aka rubuta a fuskar na'ura ƙarama ce a kan wannan. In haka ne, mai fassara da ya zauna ya juya kalmomin wasa ɗaya bayan ɗaya ya taɓa fata ne kawai. Lissafin da ke ƙarƙashi, wanda ya yanke cewa kaza ya fi kaza daraja, yana nan yadda mai shi ya bar shi, yanzu ma ya ƙara samun karɓuwa tun da yana magana da harshen uwar yaro.

Misali mafi bayyana yana cikin Energyville. Yaron da ya ce zai ciyar da birninsa da rana da iska da ruwa kaɗai ba ya wucewa gaba: wasan yana tsayar da shi, ya sanar da shi cewa motoci da jirage suna bukatar man fetur. Ba za mu ce wannan ƙarya ce ba. A 2007 sufurin duniya kusan duka a kan mai yake tafiya. Amma akwai bambanci tsakanin a ce «haka abin yake» da a ce «ba shi yiwuwa sai haka», ƙa'idar wasa kuwa na biyun take faɗi, ba ta kuma karɓar gardama. Yaro zai iya ɗaga hannu ya tambayi malami dalili. Maɓallin da ya ƙi dannuwa ba a tambayarsa. Idan aka tuna cewa mai wasan kamfanin mai ne, aka kuma tuna cewa Genesis Energy shi ke riƙe da tashar Huntly, babbar tashar kwal da gas ta Niyuzilan, ba sai an zargi kowa da mugun nufi ba. Ya isa a lura cewa mai rumbu shi ya yi awon mudun.

Akwai kuma zato guda da dukkan wasannin gari suka yi tarayya a kansa ba tare da sun furta shi ba: makamashi shi ne lantarki da man mota, ci gaba kuma shi ne gari ya yi ta girma. Ba a girki a waɗannan garuruwa. Ba hayaƙin murhu, ba mai dakon itace, ba jaki. Ga yaron Wellington ko na Bordo wannan rashi ba wani abu ba ne, tun da tukunyar gidansu a kan waya ko bututu take. Amma a Nijar, inda itace da kara da makamantansu suka ɗauki fiye da kashi 70 bisa ɗari na makamashin da ake ƙonewa, inda kuma a 2022 kimanin mutum 1 cikin 5 ne kawai yake da kuran, wasan da ya share murhu ya share mafi yawan batun. Ya kuma share mutanen da batun ya fi shafa, domin mata da ƴanmata ne suke yo itace, su ne suke shaƙar hayaƙinsa. Magajin garin da ke kallo daga sama ba ya ganinsu.

Ko a fagen lantarkin ma hoton bai cika ba. A waɗannan wasanni gari tsibiri ne, wutarsa a hannunsa take. Tun 1976 babban rabon wutar Yamai ta layin Birnin Kebbi yake zuwa daga Nijeriya, a watan Agusta na 2023 kuma aka katse shi saboda dalilan siyasa, ba a maido shi ba sai a Maris na 2024. Energyville yana da ma'aunin «tsaro», gaskiya ne, amma lamba ce mai hawa da sauka, ba dare ba ne a asibiti. Haka nan tashar nukiliya: hoto ne mai tsafta da ake dannawa a dasa. Ramin da aka haƙo yuraniyom ɗinta ba ya cikin taswira, alhali tun 1971 ake haƙo shi a Arlit, kwal ɗin Anu Araren ne kuma, ta tashar SONICHAR da ta fara aiki a 1981, yake ba ma'adinan wuta. Yaron Agadas da zai buga wasan da aka ƙera a Faransa yana tsaye ne daidai a wurin da aka yanke daga hoton.

Energy Hog ba ya bukatar dogon sharhi. Darasinsa shi ne a kashe fitila, a toshe kafar taga domin kada ɗumin ɗaki ya fita, a rage daɗewa a wanka da ruwan zafi. Barkwancinsa kuma ya rataya ne a kan cewa a Ingilishi sunan alade yana nufin mai handama. A Hausa wannan sarauta ta kura ce. Za a iya musanya dabbar, amma gidan da ake farautarta a ciki ba za a iya musanya shi ba.

Kalmomin

A nan ne aikinmu na masu nazarin harshe ya fi yawa, a nan ne kuma muke ganin an fi yin sakaci.

Kalmar «makamashi» ta zauna daram a rediyo da jaridu a matsayin abin da Faransanci ke kira énergie, ba kuma mu da niyyar tuge ta. Amma a tuna asalinta. Daga «kama» ta fito: abin da wuta ke kamawa, ƙirare da kara da busasshiyar ciyawa da ake hura wuta da su. Ga yaron Tasawa ko na Madawa, makamashi abu ne da ake ɗaurewa dami, a ɗauka a ka, a cusa a murhu, ya zama toka. Wannan ma'ana ta dace da kwal da gas da kalanzir ba tare da wahala ba. Da an zo kan iska da faɗuwar ruwa sai ta fara ɗingishi, domin ba abin da ke ƙonewa. Da an zo kan dokar kimiyyar lissafin halitta wadda ta ce wannan abu ba a ƙirƙirarsa, ba a hallaka shi, sai dai ya sauya kama, sai ta faɗi warwas: yaron da aka aika jiya saboda makamashi ya ƙare a gida, yau a ce masa makamashi ba ya ƙarewa. Ba shi da laifi in ya ɗauka malam wasa yake. Wasannin da muke dubawa ba su damu da wannan rarrabewa ba, domin harsunansu sun riga sun ware kalmar abin ƙonawa daban da kalmar abin da ke fita daga cikinsa. Mu sai mun ware da kanmu. Shawararmu ita ce a ajin farko a bar «makamashi» a ma'anarsa ta gida, a kira ɗayan «ƙarfin aiki», a jinkirta haɗa su sai yaro ya ga misalai da yawa na yadda zafi ke zama motsi, motsi ya zama haske.

To amma «ƙarfi» ma ba ta tsira ba, domin ita kaɗai ake ɗora wa nauyin abu uku da kimiyya ta raba. ElectroCity yana lissafi da megawat, takardar NIGELEC kuwa tana zuwa da kilowat-awa, waɗannan kuma ba abu ɗaya ba ne. Na farko kamar kaurin ruwan da ke zubowa daga famfo ne, na biyu kamar yawan da ya taru a tulu. Ƙwan fitila mai wat 10 da ya yi awa 5 a kunne ya sha wat-awa 50. In aka fassara duka biyun da «ƙarfin wuta», kamar yadda aka saba, babban da ya fito daga ajin yaƙi da jahilci zai karanta takardar kuɗin wutarsa harafi bayan harafi bai gane abin da aka sayar masa ba.

Haka kalmar da Ingilishi ke amfani da ita ga rage ɓarna ita ce kuma kalmar dokar da muka ambata a sama. Faransanci ya raba su, ya ce économie a wuri ɗaya, conservation a ɗayan. Hausa a nan ta fi su duka wadata, sai dai wadatar tana neman mai zaɓe. «Tattali» kula ne da abin da ake amfani da shi domin ya daɗe. «Tanadi» ajiya ce domin gobe. «Tsimi» ya kusa da tattali, amma a bakin wasu yana da ƙanshin maƙo. Matar da ta ja itace baya ta yayyafa masa ruwa bayan tuwo ya nuna, tattali ta yi. Wanda ya cika batir da rana domin dare, tanadi ya yi. Fassarar da ta zuba su duka a kwando ɗaya ta talauta harshen.

«Mai sabuntuwa» kalma ce kyakkyawar ƙira, domin fi'ilin aji na 7 a rabon Parsons yana ɗauke da ma'anar yiwuwa: abin da zai iya sabuntuwa, ba lalle wanda yake sabuntuwa ba. Wasannin sun raba duniya gida biyu, kore da baƙi. Itace ya ƙi shiga ko ɗaya. Sabara da geza da taramniya da ake lodowa zuwa Yamai suna tofowa in an sare su da ƙa'ida an ba su shekaru, suna ƙarewa in an tuge su da saiwa. A ganinmu gida uku ya kamata a yi wa yaro: marar ƙarewa kamar rana da iska, mai tofowa kamar itace da kara, mai ƙarewa kamar kwal da ɗanyen mai. Gidan tsakiya shi ne wanda halin mutum yake yanke wa hukunci, shi ne kuma wanda ba ya cikin wasa ko ɗaya.

Sauran matsalolin sanannu ne, ba sai mun tsaya a kansu ba. Abin da Maraɗi ke kira kuran da isansi, Katsina na kiransa lantarki da fetur. «Man gas» a can man manyan motoci ne, ba iskar girki ba. Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 da dokar rubutu ta 1999 sun daidaita haruffa gwargwado, ba su daidaita kalmomin aro ba. Kuɗi ma haka: wasan da ya nuna 100 a fuskar na'ura, yaron kasuwa dala 20 zai ce, 1000 kuma jika guda.

Wannan ba karo na farko ba ne da aka sa rai ga na'ura. Talabijin na makaranta ya fara a Nijar a 1964, da Faransanci, bai kuwa kai ga yawancin yaran ƙasa ba. A 1982 Seymour Papert da Nicholas Negroponte sun kai kwamfutoci Dakar domin yara su koyi Logo, gwajin bai yi nisa ba. Makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida, waɗanda aka fara a Damagaram a 1973 da alli da allo, su ne suka bar zuriya. Wasannin da muka duba su ma sun tsufa da wuri: da yawansu a kan manhajar Flash aka gina su, kamfanin Adobe kuwa ya janye hannunsa daga gare ta a ƙarshen Disamba na 2020. Kayan karatun da bai kai shekara 15 yana buɗuwa ba, mai tsara kasafi ya sa wannan a lissafinsa.

Ba muna cewa a bar dabarar ba ne. Abin da ya cancanci aro shi ne ƙashin bayanta, wato zaɓi mai tsada da sakamako mai jinkiri, wannan kuwa gonar Bahaushe cike take da shi. A ɗauki karan hatsi bayan kaka. In an ƙone shi a murhu an huta da tafiya daji. In an ba dabbobi sun kai bazara da ƙarfinsu. In an yi danga ko an sayar an sami biyan bukata. In an bar shi kwance a gona ya tare ƙasar da iska ke kwashewa, damina mai zuwa ta fi kyau. Ba ya isa duka huɗun. Kashin shanu ma haka yake tsakanin wuta da taki. Murhun duwatsu uku galibi kashi 10 zuwa 15 bisa ɗari ne kawai na zafin itace yake kaiwa ga tukunya, murhun ƙarfe irin Mai Sauƙi da aka yaɗa a Yamai a shekarun 1980 yana rage ci, amma sai an fitar da kuɗi yau. Sassabin zamani, wanda ya bazu daga yankin Maraɗi tun 1983, inda manomi ke barin tofon kututture yana yi masa aski maimakon ya share shi, lada ne da ba ya zuwa sai bayan damina biyu ko uku. An ƙiyasta cewa ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Gawo kuma, mai zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, ƙa'idar wasa ce da Allah ya riga ya tsara. Faifan hasken rana zai shigo cikin wasan a matsayin abin da ake tarawa a saya, ba baƙo ba ne kuma, tun da an kafa ONERSOL a 1965, Abdou Moumouni ya shugabance ta shekaru masu yawa, tashar Malbaza mai megawat 7 ta fara aiki a 2018, ta Gorou Banda mai megawat 30 kuma a 2023.

Irin wannan wasa ana iya gwada shi a ƙasa tun ba a taɓa kwamfuta ba, da gurabu da tsakuwa da karare, yi huɗu su zama shekara: damina, kaka, ɗari, bazara. Mai bincike ya zauna gefe da na'urar ɗaukar magana. Kalmomin da yara da iyayensu mata za su yi gardama da su a kan ko a ƙone kara ko a bar shi, su ne jerin farko da kwamitin ƙirƙirar kalmomi zai sa a gabansa.